KWAMFUTA A MAKARANTUN SAKANDARE NA GWAMNATI: BAYANI GA IYAYE DA MALAMAI NA ƊAN IYA, BAUCHI

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin wayar da kan jama'a, musamman iyayen yara da malamai da masu unguwanni na Ɗan Iya da maƙwabtanta a cikin birnin Bauchi, game da batun shigar da kwamfuta da ilmin fasaha cikin makarantun sakandare na gwamnati. Maganar ta daɗe, gama an fi shekara 40 ana ƙoƙari a kanta a ƙasar nan, an ci nasara a wasu wurare, an yi tuntuɓe a wasu. Za a bayyana a nan dalilin da ya sa abin ya zama tilas, da yadda aka faro shi, da abin da makaranta take bukata kafin kwamfuta ta amfani ɗalibanta, da kuma abin da ya rataya a wuyan mutanen unguwa.

ME YA SA ABIN YA ZAMA TILAS?

Tun daga 1978, lokacin da aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, watau JAMB, da fensir da takarda yara suke ɗaukar jarrabawarta. A 2013 hukumar ta soma gwada jarrabawa ta kwamfuta, a 2015 kuwa ta yi ban kwana da takarda. Tun daga wannan shekara, duk yaron da ke neman shiga jami'a ko kwalejin fasaha ko kwalejin horar da malamai ta hanyar wannan jarrabawa, lalle ne ya zauna gaban kwamfuta. A jarrabawar 2025 tambayoyi 180 aka ba kowane ɗalibi ya amsa cikin awa 2, watau daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya.

A ɗauki misalin yara biyu masu ƙwazo iri ɗaya, waɗanda suka tashi a lungu ɗaya na Ɗan Iya. Na farko ya saba da kwamfuta tun yana aji ɗaya na sakandare. Na biyu ya haddace sunayen sassanta duka daga allo, ya kuma zana hotonta a littafinsa, amma bai taɓa ɗora hannu a kanta ba sai ranar jarrabawa. Gaskiya ne hukumar ta sauƙaƙa tsarin, har ana iya amsa tambayoyi da 'yan madannai kaɗan. Duk da haka, kafin yaro na biyu ya natsu, ya gane yadda ake wucewa gaba da yadda ake komawa baya, hannunsa ya daina rawa, mintoci masu tsada sun riga sun wuce, kowane minti 2 kuwa tambayoyi 3 ne. Karatun shekara 6 yana iya salwanta a nan, alhali yaron ya san amsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin bai tsaya ga JAMB kaɗai ba. A farkon 2024 Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ta yi jarrabawarta ta farko ta kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu, a 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta bayyana nufinta na mai da jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO kan kwamfuta. Har wa yau, neman aikin soja da na ɗan sanda da na kwastan, da rajistar makaranta, da duba sakamako, duk ta intanet ake yin su.

MECE CE KWAMFUTA?

Kwamfuta na'ura ce wadda ke karɓar bayani, ta sarrafa shi bisa umurnin da aka tsara mata, ta adana shi, sa'an nan ta fitar da sakamako. Saurinta wajen lissafi shi ya sa ake kiranta na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma abin da mutum ya ba ta shi take aiki da shi: in an ba ta daidai ta fitar da daidai, in an ba ta kuskure ta fitar da kuskure. Tana da allon madannai inda ake buga rubutu, da linzami da ake nuni da shi, da fuska inda aiki ke bayyana. Umurnin da ke tafiyar da ita kuwa shi ake kira manhajar kwamfuta.

Ɗaya daga cikin na farko-farko, wadda aka nuna wa jama'a a Amurka a 1946, ta cika babban ɗaki, nauyinta ya kai wajen tan 30. Yau ƙaramar wayar da ke aljihun mai kayan miya a Kasuwar Wunti ta fi ta ƙarfin aiki nesa ba kusa ba. Saboda haka na'urar ba baƙuwa ba ce a Bauchi. Abin da ya rage shi ne a koya wa yara aiki da ita a makaranta, bisa tsari, ɗan mai hali da ɗan talaka baki ɗaya.

YADDA AKA FARO

A 1969 aka yi babban taron ƙasa a Legas kan manhajar karatu, inda aka yi kukan cewa ilmin da Turawan mulkin mallaka suka bari ya fi karkata ga samar da akawuna, ya bar aikin hannu a baya. Daga shawarwarin wannan taro aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, shekara ɗaya bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi. Ita ce ta kawo tsarin 6-3-3-4, watau shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a, wanda aka soma aiki da shi a 1982.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne darasin share fagen fasaha, wanda yara suka fi sani da Intiro Tek, inda ake son ɗan ƙaramar sakandare ya ɗanɗani aikin katako da na ƙarfe da na lantarki da zanen gini. Gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa ta sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa makarantu. Sai dai a wurare da yawa kayan sun riga shiri isowa. Wata makarantar ba ta da ɗakin da za a girka su, wata ba ta da wutar lantarki, wata kuma tana da duka biyun amma ba malamin da ya san yadda ake ta da injin. Haka akwatuna suka yi shekara da shekaru a sito ko a baranda, ruwa ya doke su, tsatsa ta ci wasu, ɓarayi suka kwashe wasu, yara kuwa suka ci gaba da koyon aikin zarto daga hoton zarto.

A Disamba 1987 Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Jibril Aminu, ya kafa kwamiti kan ilmin kwamfuta, a 1988 kuma aka fitar da manufar ƙasa a kan haka. An fara gwaji ne a kwalejojin Gwamnatin Tarayya, da nufin abin ya bazu zuwa makarantun jihohi daga baya. Bazuwar ta yi jinkiri ƙwarai, kuma dalilan su ne dai waɗanda suka danne Intiro Tek: ɗaki, wuta, malami, kuɗin gyara. Wannan darasi ne da bai kamata a sake biyan kuɗinsa sau uku ba.

WA KE DA ALHAKIN ME?

Yana da kyau iyaye su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Gwamnatin Tarayya ita ke tsara manufa da manhajar karatu, tana kuma riƙe da kwalejojin haɗin kan ƙasa sama da 100, irin su Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Bauchi da Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Azare. Amma makarantun jeka-ka-dawo, waɗanda 'ya'yan unguwa da yawa ke zuwa, na Gwamnatin Jiha ne, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Bauchi da Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha, watau SUBEB.

A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato. Dokarsa ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Tarayya domin tallafa wa firamare da ƙaramar sakandare, bisa sharaɗin jiha ta zuba kwatankwacin abin da za a ba ta na gine-gine da kayan aiki kafin ta karɓa. Manhajar karatu ta shekara 9, wadda aka soma aiki da ita a 2008, ta sanya ilmin kwamfuta cikin darussan firamare da ƙaramar sakandare. A 2025 an sake fasalin manhajar, aka ƙarfafa darasin fasahar zamani, aka kuma sanya haɗa wutar sola da gyaran kwamfuta da waya cikin sana'o'in da ɗalibi zai iya zaɓa.

Akwai kuma hukumomin Tarayya da ke taimakawa da kayan aiki. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, wadda aka kafa a 2001, da asusun da dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin kai sadarwa inda ba ta kai ba, sun girka ɗakunan kwamfuta a makarantu a jihohi daban-daban. A 2023 Jihar Bauchi ta shiga cikin jihohin da aka faɗaɗa wa shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda ya shafi ilmin 'yan mata a sakandare, koyar da aiki da na'urorin zamani kuwa yana cikin sassansa.

ABUBUWA HUƊU DA ZA SU RIGA KWAMFUTA ISOWA

Na farko, ɗaki. Kwamfuta tana da abokan gaba uku a ƙasar Bauchi: ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ɓarawo. Ƙura tana toshe mashigar iskarta, zafi ya taru a ciki har ta riƙa mutuwa da kanta. Saboda haka ana bukatar ɗaki mai rufi marar yoyo, mai silin da fanka, mai tagogi da ke rufuwa sosai, da ƙofar ƙarfe, da mai gadi. A share shi kullum, a lulluɓe na'urori da ƙyalle bayan an tashi, a hana cin abinci a ciki domin kada ɓeraye su shigo su ci wayoyi.

Na biyu, wuta. Dogaro da wutar gari kaɗai yana sa darasi ya zama na sa'a, janareto kuwa sai da mai, mai kuma sai da kuɗi kullum. Shi ya sa aka fi karkata ga wutar sola. Lissafin mai sauƙi ne. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana shan wajen wat 50, ta tebur kuwa tana iya ninka wannan sau biyu ko uku. Tafi-da-gidanka 40 za su sha wajen wat 2,000, watau kilowat 2, cikin awa 6 na makaranta kuma yunit 12 na wuta. Wannan abu ne da farantan sola da batura madaidaita za su iya ɗauka, tun da lokacin karatu shi ne lokacin rana. Sai dai a tuna batir yana da wa'adi, tilas a tanadi kuɗin sake shi, a riƙa goge ƙura daga kan farantai, a kuma sa kariya daga tsawa kafin damina.

Na uku, malami. Wannan shi ne mafi muhimmanci duka. Malami gwani da kwamfuta 10 ya fi amfani bisa kwamfuta 100 da ba mai koyar da su. Bauchi kuwa ba ta rasa inda za ta samo ƙwararru ba. Akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta Tarayya, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Bauchi ta 1979, da Kwalejin Fasaha ta Abubakar Tatari Ali, da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare. Masu yi wa ƙasa hidima suna taimakawa ƙwarai, amma shekara ɗaya suke yi su tafi. Ana bukatar malami na dindindin, a kuma horar da malaman lissafi da kimiyya da harsuna domin su ma su yi aiki da na'urar a darussansu.

Na huɗu, kuɗin gyara. Kowace na'ura tana lalacewa. In ba a ware kuɗin gyara a kasafin shekara ba, ɗakin da aka buɗe da kwamfuta 40 zai koma 30, ya koma 15, har a wayi gari an rufe shi. Ya kamata kowace makaranta ta ajiye littafi da ke nuna lambar kowace na'ura, da ranar da ta lalace, da ranar da aka gyara ta.

A BUƊE ƊAKIN

Akwai wata cuta da ke kama makarantu bayan an kawo kaya, ita ce tsoron lalacewa. Shugaban makaranta, don gudun kada a tuhume shi, sai ya kulle ɗakin ya sa mabuɗi a aljihu, ba a buɗewa sai ranar da manyan baƙi za su zo. Niyyarsa mai kyau ce, amma sakamakon ɗaya ne da na akwatunan 1982. Kwamfutar da aka kulle tana tsufa kamar wadda ake aiki da ita, batirinta ma yana iya mutuwa.

Sau da yawa akan ce ɗalibai sun yi yawa, na'urori sun yi kaɗan. A duba wannan lissafi. A ce makaranta tana da ɗalibai 1,200 da kwamfuta 40, ana kuma yin darasi 8 na minti 40 a kowace rana, kwana 5 a mako. Darussa 40 ke nan a mako. In ɗakin bai zauna fayau ba ko sau ɗaya, zai ɗauki zaman ɗalibai 1,600, watau kowane yaro zai sami na'ura shi kaɗai sau ɗaya a mako, har a sami rarar malamai da masu shirin jarrabawa. Cikin mako 36 na karatu, awa 24 ke nan a shekara, awa 144 cikin shekara 6. Ko da kwamfuta 20 ce kawai, in yara suka zauna bibbiyu suna karɓa-karɓa, kowa zai taɓa. Abin da ake bukata shi ne jadawali mai kyau, da raba manyan azuzuwa gida biyu, da mabuɗi a hannun malamin darasi.

ME YARO ZAI KOYA?

A ƙaramar sakandare yaro zai koyi kunnawa da kashewa yadda ya kamata, da buga rubutu da yatsu duka, da adana aiki da nemo shi, da rubuta wasiƙa. Zai kuma koyi rubuta Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, gama dukansu suna cikin kwamfuta, kuma bambancin kafa da ƙafa ba ƙarami ba ne. A babbar sakandare zai koyi tsara lissafi a jadawali, irin wanda zai taimaki mahaifinsa wajen ƙididdigar kaya da bashi a Kasuwar Muda Lawal, da binciken ilmi a intanet, da tantance labarin gaskiya daga na ƙarya, da tushen rubuta manhajar kwamfuta.

Ilmin fasaha bai tsaya ga kwamfuta ba. Kafinta da maƙeri da magini da mai gyaran lantarki duk suna bukatar awo da zane da lissafi, ƙasa kuwa ba ta ginuwa sai da su. Yaron da ya fita sakandare da sana'a a hannu, ko ya wuce gaba da karatu ko bai wuce ba, ba zai rasa abin yi ba.

DAMUWAR IYAYE

Wasu iyaye suna fargabar kwamfuta za ta ɓata tarbiyya. Wannan damuwa tana da tushe, domin a intanet akwai alheri akwai sharri, akwai 'yan damfara da masu yaɗa batsa da ƙarya. Amma yara suna cin karo da waɗannan abubuwa a wayoyin abokansu, a ɓoye, ba mai kwaɓa. A makaranta kuwa malami yana tsaye, ana iya toshe munanan shafuka, ana kuma koya wa yaro kada ya ba kowa lambar sirrinsa, kada ya amince da wanda bai sani ba. Rigakafi ya fi magani.

Wasu kuma sukan ce tun da yaro ya iya waya, ai ya iya kwamfuta. Latsa waya daban, aiki da kwamfuta daban. Wanda ya ƙware wajen aika saƙo da kallon hotuna yana iya kasa buga wasiƙa mai shafi ɗaya.

Game da 'ya'ya mata, ya kamata a lura da cewa yaro namiji yana iya zuwa shagon kwamfuta da yamma ya koya, yarinya kuwa sau da yawa ba ta da wannan dama. In ba ta koya a makaranta ba, da wuya ta koya a wani wuri. Jama'a suna son likitoci mata da unguwarzoma da malamai mata, su kuwa yawancinsu sai sun bi ta jarrabawar kwamfuta. Don haka a makarantun da ke haɗe a tabbata 'yan mata sun sami rabonsu na zama gaban na'ura cikakke, kada a bar su a baya suna leƙe.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

Makarantar gwamnati dukiyar unguwa ce. Ana roƙon iyaye su riƙa halartar taron ƙungiyar iyaye da malamai da na kwamitin kula da makaranta, su yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi:

1. Kwamfuta nawa makarantar take da su, nawa ne kuma suke aiki?
2. Sau nawa a mako kowane aji yake shiga ɗakin?
3. Wane ne malamin darasin, na dindindin ne ko na wucin gadi?
4. Daga ina wuta take zuwa, wa ke kula da ita?
5. In na'ura ta lalace, wa ke gyarawa, da wane kuɗi?

A gida kuma uba ko uwa su tambayi yaro abin da ya yi da hannunsa a wannan mako. Ba sai mahaifi ya yi boko ba kafin ya gane bambancin yaron da ya ce “an rubuta mana a allo” da wanda ya ce “na buga da kaina”.

Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa su taimaka wajen tsaron kayan makaranta, kada kowa ya sayi kwamfuta ko batir ko farantin sola da bai san asalinsa ba. Tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni da ke son ba da gudummawa su fara tuntuɓar shugaban makaranta su ji abin da ya fi gaggawa, gama wani lokaci batura huɗu ko albashin mai gyara sun fi sababbin na'urori amfani. In an ga ɗaki a kulle wata da watanni, a kai magana ga kwamitin makaranta, in ba a ga canji ba a wuce ofishin ilmi na yanki.

KAMMALAWA

Bauchi gari ne da ya san darajar malami. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi kafin ya zama Firayim Minista, Malam Aminu Kano ma ya koyar a can, Malam Sa'adu Zungur kuwa ɗan garin ne. Iyayen wancan zamani sun yi ta shakkar boko, amma waɗanda suka daure suka ba da 'ya'yansu sun ga amfaninsa. Gwamnati za ta ci gaba da nata ƙoƙari na tsara manufa da samar da kaya da horar da malamai, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana fatan duk wanda ya karanta wannan ɗan littafi zai karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma ziyarci makarantar 'ya'yansa a wannan zangon karatu, ya nemi a nuna masa ɗakin kwamfuta. Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya ba ƙasa zaman lafiya da ci gaba.